Zago a Bakin Suri

Ga ta nan, ga ta nanku, jikokina.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

Wata rana saniya ta taka surin gara, ta ɓarka gefe guda. Kafin a gyara, sai ga rundunar kwarkwasa ba iyaka, sun nufo ƙwayayen da ke ciki.

Zago mai ƙaton kai shi ne mai tsaron surin. Ya fito da 'yan'uwansa bakwai, suka tsaya a bakin ɓarakar. Ya ce wa Gara maginiya, "Kwaɓa ƙasa ki liƙe bayanmu."

Ta ce, "Yaya, in na liƙe, ta ina za ku komo?"

Ya ce, "Wa ya ce miki za mu komo? Yi aikinki."

Sarkin kwarkwasa ya iso yana dariya. "Kai mai kan tulu, ku takwas ne za ku kore mu?"

Zago ya ce, "A'a, jinkirta ku za mu yi."

Aka gwabza. Gara tana jin komai ta bayan bango, amma ba ta daina liƙi ba. Sanda Zago ya faɗi, ƙasa ta riga ta bushe. Kwarkwasa suka zagaya, ba ƙofa, suka ja gawa takwas suka wuce.

Ƙwai suka ƙyanƙyashe lafiya. Cikinsu ba wanda ya san sunan Zago.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, ta ƙare ke nan.