Guzan Usman Mai Tantabara

Akwai wani mutum a Bungudu, shekara biyu bayan an ba Zamfara jiha, ana kiransa Usman mai tantabara. Tantabarun nan gadon mahaifinsa ne, kusan sittin, farare da masu wuyan shuɗi. Kullum bayan la'asar ƙofar gidansa cike take da masu kallo, shi kuwa yana kan tabarma yana watsa gero yana shan yabo.

Maƙwabcinsa Dogo manomi ne marar yawan magana. Wata rana aka yi ƙunar daji, ya tsinci ɗan damo wuta ta lashi bayansa, ya sako shi a hula ya kawo gida. Ya kewaye gindin tsamiya da laka, ya zuba yashi, ya ajiye kaskon ruwa da kututturen shan hantsi. Fara da gyare da dodon koɗi yake nemo masa, ƙwai kuwa sai jefi-jefi, don kada ya yi ƙiba. Bai taɓa jan sa ta wutsiya ba. Hannu yake ajiyewa a ƙasa ya jira, har damon ya saba, ya riƙa hawa tsamiya yana saukowa kan kafaɗarsa.

Kafin shekara ta zagayo, majalisa ta tashi daga ƙofar Usman ta koma ta Dogo. Har malaman makaranta daga Gusau suka zo da kyamara.

Abin ya tsaya wa Usman a rai. In ya jiyo dariya ta bayan katanga sai tuwo ya fita ransa. Matarsa Wasila ta ce ya leƙa mana ya gani, ya ce shi bai ga abin kallo a jikin ƙaton ƙadangare ba. Ƙarya yake yi, ta ramin katanga yake leƙe har wuyansa ya ƙage.

Ranar kasuwar Tsafe ya hau mota ya je wurin wani maharbi, ya ce a ba shi damon da ya ninka na Dogo. Maharbin ya kwance bakin buhu, ga wata halitta tana huci tana kaɗa wutsiya kamar bulala.

"Malam, wanga guza na, ba damo na ba," in ji maharbin. "Damo aka kira sarkin haƙuri. Wanga bai san gida ba, kuma ba ya ga ƙwai ya bari."

Usman ya ce girman yake so. Bai tambayi abin da yake ci ba, kuma ya rantse ba zai tambayi Dogo ba ko sama da ƙasa za su haɗu.

Da ya iso gida, ya kife guzan da kwandon kaji a jikin ɗakin tantabaru, wai masu kallo su ga biyu a tsayuwa ɗaya. Ya tura masa dusa da guntun tuwo. Kwana uku guza bai kalli tuwon ba. Wasila ta ce wannan abin yunwa yake ji, Usman ya ce ta bar shi, in ya ji uwar bari zai ci.

Ya kuwa ci. Ranar Juma'a, mutane na masallaci, ya tona ƙarƙashin kwandon ya bi ta ƙofar da tantabaru ke shiga.

Usman ya dawo ya tarar da gashi ko'ina. Ƙwai babu, 'yan shila babu, manyan da suka tsira sun watse sama, kuma ba su sake kwana a gidan ba. Ya zura hannu ɗakin tantabarun cikin fushi, guza ya zabga masa wutsiya ya cije shi a yatsa.

Wasila ce ta aika aka kira Dogo. Ya shigo da buhu, ya durƙusa ya jira dabbar ta lafa, sannan ya danne bayan wuyanta da gindin wutsiya. Ya kai ta bakin gulbi ya sake ta. Daga can ya wuce gida.

Washegari da hantsi aka yi sallama. Dogo ne, da tantabaru biyu farare a cikin kwando.

"Ɗiyan waɗanda ka ba ni na, ranar sunan ɗiyata Habiba," ya ce. "Jinin na mahaifinka na. Ka soma da su. Kuma damon nan, da ka shigo tun farko, ai da tare munka yi kiwonai."

Usman ya karɓi kwandon da hannunsa mai ciwo. Ya buɗe baki zai yi godiya, hawaye suka riga shi.

Darasi: Mai hassada yakan rusa abin da Allah Ya ba shi wajen neman abin da aka ba wani. In ka ga maƙwabcinka ya iya abu, shiga ta ƙofa ka tambaya, kada ka tsaya leƙe ta katanga. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila akwai wanda ke shirin ajiye guza kusa da tantabarunsa.