Jatan Lande a Kaskon Kuluwa

Ku gyara zama, ga ta nan tafe gare ku.

Ta iso lafiya, mu ji ta.

Wata yarinya ce, sunanta Kuluwa. Duk garinsu ba wadda ta kai ta tsabta. In ta wanke kwano, har fuskarka za ka gani a ciki.

Wata shekara rani ya yi tsanani, tafkin bayan gari ya ƙafe, saura ɗan ruwa a cikin taɓo. Kuluwa ta je ɗiban yashin wanke-wanke, sai ta ji wata 'yar murya: "Ke 'yar mutane, sannu da aiki."

Ta sunkuya. Sai ga jatan lande, ƙarama, ba ta kai ɗan yatsa ba, cikinta fal da ƙwai. Kusa da ita ga wani tsohon dodon koɗi, ga talibambam, ɗan kwaɗo, yana ta kaɗa wutsiya.

Jatan lande ta ce, "Cikin danginmu ni kaɗai na rage a tafkin nan. Ƙwan nan su ne duk zuriyarmu. In ruwan nan ya ƙare kafin damina, shi ke nan, an gama da mu."

Kuluwa ta ruga wurin Tunau maginin tukwane. Saurayi ne mai kunya, da ya gan ta sai ya rasa inda zai sa hannuwansa. Ya ɗauko kaskon da ya fi kyau a rumfarsa ya ba ta. Ta zuba taɓo, ta zuba yashi, ta zuba ruwan tafkin, ta sa kainuwa a sama, ta saka su ukun a ciki, ta kai su gida.

Innarta ta leƙa ta ce, "To, baƙi kika kawo. A gidan nan kuwa ba a wulaƙanta baƙo."

Kuluwa ta ce, "Baƙo sai da abinci." Ta gutsuro tuwo ƙato, har da miyar kuka.

Dodon koɗi ya ɗago kai ya ce, "Kada... ki..."

Shi kuwa maganarsa kamar tafiyarsa take. Kafin ya kai ga "zuba", tuwo ya daɗe da nutsewa. Ruwa ya yi tsami, ya yi wari. Jatan lande ta hau kan kainuwa tana waƙa:

"Kuluwa mai alheri,
Alherinki zai kashe ni,
Ƙwaina, ƙwaina, ku yi haƙuri."

Kuluwa ta tsame tuwo. Ana haka sai ga sallamar Tunau. Ya ce, "Na zo duba kaskon ne, ko yana yoyo."

Ta ce, "Ba ya yoyo."

Ya ce, "To, madalla." Ya tsaya, ya tsaya, sannan ya tafi.

Kuluwa ta ce, "Ruwan baƙo ba a barin shi a buɗe." Ta ɗauko sabon faifai.

Dodon koɗi ya ce, "Kada... ki..."

Ta rufe ruf, ta tura kaskon ƙuryar ɗaki. Kainuwa ta rasa rana, ta yi rawaya, ta fara ruɓewa. Daga ƙarƙashin faifai aka ji waƙa:

"Kuluwa mai alheri,
Alherinki zai kashe ni,
Ƙwaina, ƙwaina, ku yi haƙuri."

Ta buɗe, ta fito da su tsakar gida. Sai ga Tunau: "Kaskon nan fa, bai fara yoyo ba?"

"Bai fara ba."

"To, madalla."

Ana nan, ana nan, gansakuka ta fito a jikin kasko, koriya shar. Kuluwa ta riƙe baki. "Baƙina a cikin ƙazanta? Ba a gidanmu ba!"

Dodon koɗi ya ce, "Kada..."

Ta kwashe su a ludayi, ta zubar da taɓon, ta dirje kasko da toka da soso har ya yi ja, ta cika shi da ruwan rijiya mai sanyi, ta mayar da su. Wannan karon ba a ji waƙa ba. Jatan lande ta kwanta a gefe ɗaya, ko gemunta ba ya motsi.

Kuluwa ta durƙusa, hawaye na zuba. Ta ce, "Uwar ƙwai, don Allah me kuke so?"

Jatan lande ta ce a hankali, "Yau kika tambaya. Koren nan da kika kankare, shi ne tuwonmu. Taɓon da kika zubar, shi ne shimfiɗarmu. Ki samo mana taɓon tafki. Ki ajiye mu inda rana ke leƙowa ta cikin ganye. In ruwa ya ragu, ki ƙara wanda ya kwana. Sannan ki bar mu."

"Shi ke nan?"

"Shi ne mai wuyar."

Tafki ya riga ya bushe ƙayau. Tunau ne ya san inda danshi ke ɓoye, don aikinsa ke nan. Ya haƙa, ta tara ƙwarya, ba wanda ya kalli wani. Suka kawo taɓo, suka ajiye kasko a gindin darbejiya. Kuluwa ta naɗe hannuwanta. Gansakuka ta dawo, kainuwa ta yi 'ya'ya, ruwa ya kwanta garau. Talibambam ya yi ƙafafu, ya zama kwaɗo, ya yi tsalle ya tafi ko sallama babu.

Rannan Inna ta ce, "Gwaggon Tunau za ta zo gobe, kin kuwa san abin da gwaggon saurayi ke zuwa gani. Ki wanke kaskon nan kafin ta ce ke ƙazama ce."

Kuluwa ta dubi soso, ta dubi kasko. Ta ce, "Inna, ki yi haƙuri. Ko za ta ce haka, ba zan wanke ba."

Gwaggo ta zo. Ta duba tukwane, tas. Ta duba randa, tas. Ta iso gindin darbejiya ta yi turus. "Ke 'yar nan, wannan fa? Wannan ce tsabtar da ake ba ni labari?"

Kuluwa ta ce, "Gwaggo, abincin baƙina ne." Ta leƙa don ta nuna su, sai ta ga jatan lande tana yawo a saman ruwa, fara fat, cikinta wayam, ba ƙwai ba rai. Ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Allah, ta mutu!"

Sai murya ta fito daga saiwar kainuwa: "Wa ya mutu? Tsohuwar rigata ce na tuɓe. Mai jego ba ta sake kaya?"

Suka sunkuya su uku. Ga 'ya'ya nan birjik, ƙanana kamar tsinin allura, suna ta tsince gansakuka da 'yan hannuwansu. Gwaggo ta manta da abin da ya kawo ta. Ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Barka, barka! A damo wa mai jego kunun kanwa!"

Kuluwa da jatan lande suka ce, "A'a, Gwaggo!"

Da damina ta sauka, tafki ya cika ya batse. Kuluwa da Tunau suka ɗauki kasko, shi da gefe ita da gefe, suka karkata shi a bakin ruwa. 'Ya'ya suka watsu kamar an watsa gero. Jatan lande ta juyo ta ce, "In bar miki kaɗan daga cikinsu? In kasko ya zama wayam, bawan Allahn nan me zai riƙa zuwa dubawa?"

Tunau ya sunkuyar da kai, ya ce, "Ki tafi da su duka. Gwaggo ta riga ta yi magana da su Inna."

Kuluwa ta ja mayafi ta rufe fuska, amma kowa ya ga tana murmushi.

Ƙurunƙus, na sauke ta a bakin tafki. In kun yi baƙo, ku tambaye shi abin da yake so kafin ku yi masa alheri.