Motar Badaru da Makarar Kulu

Akwai wani ɗalibin likitanci mai suna Uwaisu, da aka tura shi koyon aiki wani ƙaramin asibiti a ƙauyukan Makoɗa, a shekarar da man fetur ya gagari talaka.

Uwaisu ko keke ba shi da shi. Kullum yakan naɗe farar rigarsa a leda, ya ratsa gonakin gero da gyaɗa a ƙafa. Abokin karatunsa Badaru kuwa motar mahaifinsa yake hawa, ya wuce shi gilashi a rufe, ba kowa a baya. Uwaisu yakan haɗiye takaici, amma bai taɓa roƙo ba.

Wata rana da hantsi, babban ma'aikaci ya tafi gari, aka kawo wata mai jego, Kulu. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle mata. Uwaisu da Badaru suka yi iya abin da suka sani, bai tsaya ba. Ba makawa sai babban asibiti, inda ake ƙarin jini.

Uwaisu ya ce, "Badaru, tayar da mota."

"Wace motar?"

"Mota nawa ce a ƙauyen nan?"

"Kai, dubi zaninta fa. Kujerun nan ba sa wankuwa, Alhaji ba zai bar ni ba. Man ma na komawa Kano ne."

Mijinta Nababa ya durƙusa, ya cire hula. "Likita, don girman Allah. Tabarma zan shimfiɗa, in wanke motar da hannuna."

"Baba, ku nemi acaba mana."

Uwaisu ya ci kwalar Badaru. "Shekaru kana karatun jini a littafi, yau ka gan shi kana ƙyama? Tir da halinka!"

Badaru ya fizge, ya shige ofis.

An samu babur, babu mai a ciki. Sai da aka gudu ƙauyen gaba aka samo kwalba guda. Aka ɗaure Kulu da zani a bayan mai babur, Uwaisu ya hau bayanta, hannu ɗaya na tallafe da ita, ɗayan na ɗage ledar ƙarin ruwa.

Ba su kai kwalta ba ya ji jikinta ya saki. Ya taɓa wuyanta. Ya daɗe yana taɓawa. Sannan ya dafa mai babur ya ce, "Juya."

Bayan la'asar aka sallace ta. A ƙauyen, makara ba ta daɗewa a kafaɗa ɗaya: wannan ya karɓa, wancan ya karɓe shi, ko baƙo mai wucewa ba a hana shi lada.

Badaru ya zo, ido jawur. Ya matsa, ya miƙa hannu.

Nababa ya riƙe hannun a hankali. "A'a, likita. Bari, kada ta ɓata maka riga."

Ya yafito Uwaisu, ya ba shi gurbinsa. Badaru ya tsaya a tsakiyar hanya, jama'a na ratse shi dama da hagu, babu wanda ya dube shi.

Darasi: Abin hannunka amana ne, kuma taimako yana da lokacinsa. Wanda ya hana shi sa'ad da ake roƙo, zai kawo shi ranar da ba mai karɓa. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman waɗanda Allah ya hore wa abin hawa.