Kyanwar Ɗakin Karatu da Ramin Magaji

An ce a wani zamani da bai yi nisa ba, an yi wani Magajin gari a Kargo mai suna Rabo. Mutum ne mai son aiki, mai saurin fushi. Shi ya gina wa garin ɗakin karatu, ya bi gida-gida yana roƙon littattafan da tsofaffin malamai suka rasu suka bari, na ajami da na Larabci, har suka cika ɗaki guda. Ya ɗora Malam Haladu a kan aikin, ya saya masa kwamfuta. Ya ce a shigar da kowane littafi da sunansa da fannin da yake magana a kai, a sa a intanet, yadda mutum zai zauna a gida ya rubuta abin da ya dame shi a waya, a nuna masa littafin da zai zo ya duba.

Aka yi haka. Kwanaki suka shuɗe.

Wata damina babbar rijiyar garin ta rufta. Magaji ya tuna kakansa ya taɓa cewa tsofaffin malamai sun yi rubutu a kan haƙa rijiya a ƙasa mai rairayi. Ya ɗauki waya ya rubuta "rijiya". Aka ce ba a samu komai ba. Ya rubuta "ruwa". Babu. Don gwaji ya rubuta "awaki", ya rubuta "zazzaɓi". Duk babu. Ya aika aka kira Malam Haladu, ya tambaye shi mutum nawa suka taɓa neman littafi daga ɗakin tsofaffin. Malam ya duba kwamfuta, ya ce ko ɗaya.

Magaji ya ce, "To ƙura muke kiwo ke nan. Tunda takardun da sunan Allah a ciki, ba za a ba masu ƙosai ba. A haƙa rami a bayan katanga, a binne su cikin mutunci, ɗakin kuma a zuba takin zamani."

A ɗakin karatun akwai wata tsohuwar kyanwa da ake kira Toka, an ajiye ta saboda ɓeraye. Wurin kwanciyarta kusa da kwamfuta ne, don ɗuminta. Da safe Magaji ya zo da masu kwasa, sai ya iske ta kwance a bakin ƙofa. Ya ce, "Kauce." Ba ta motsa ba.

Ta ce, "Ranka ya daɗe, na daɗe ina kallon shirme a gidan nan ban tanka ba. Yau kam na gaji. Ka ba ni aron kunnenka, in na gama ka tsallake ni ka kwashe."

Magaji ya yi tsaki, ya ce, "Faɗi, amma ki taƙaita."

Toka ta gyara kwanciya, ta ce ga hikayar Sarkin Zango da mai ɗori.

An yi wani Sarkin Zango mai suna Bako, gidansa ne masaukin fatake da masu sana'a. Ya sa wani dattijo, Nomau, a bakin ƙofa, aikinsa shi ne ya san abin da kowane baƙo ya zo da shi, don in mutumin gari ya zo nema ya nuna masa wanda zai je wurinsa. Nomau kuwa mutum ne mai kunya da ladabi. In baƙo ya yi sallama sai ya amsa, ya shimfiɗa masa tabarma, ya kawo ruwa. A ganinsa rashin kunya ne mutum ya gaishe ka da sunan Allah, kai kuma ka hau tambayarsa me ke cikin mangalarsa.

Ana nan sai wani gwanin ɗori, Sambo, ya sauka a zangon da karansa da man shafawarsa. Bayan saukarsa wani magidanci ya faɗo daga bishiyar giginya, ƙafa ta karye. Matarsa Yalwa ta zo a guje, mayafi a hannu.

Ta ce, "Baba Nomau, don Allah akwai mai ɗori a cikin baƙin nan?"

Ya ce, "Ban ji wanda ya ce shi mai ɗori ne ba, 'yata."

"To su wane ne a ciki?"

"Bayin Allah ne, mutanen kirki. Duk sun yi sallama."

Yalwa ta juya tana kuka. Aka ɗora mijin a jaki aka kai shi wani ƙauye mai nisa, kafin a isa ƙafa ta kumbura, aka ɗora ta a karkace. Sambo kuwa yana bayan bango yana kore ƙuda. Da ya ga zama ya yi yawa ba wanda ya neme shi, ya ɗaure kayansa ya je yin ban kwana.

Ya ce wa Sarkin Zango, "Ina taya ku murna. Garinku ba a karaya."

Bako ya ce, "Kamar yaya? Kai mene ne sana'arka?"

"Ɗori."

Bako ya dafe kai, don mijin Yalwa maƙwabcinsa ne. Ya kira Nomau ya wanke shi tas, sannan ya rantse cewa daga ranar duk baƙon da ya zo sai an zazzage kayansa, Nomau ya haddace komai har allura da tsinken sakace.

Sambo ya ce, "Sarki, a hankali. Kada ka mayar da shi Gwadabe na kasuwar Tsauni."

Bako ya ce, "Wane ne shi?"

Sambo ya ajiye kayansa, ya ce ga labarinsa.

Gwadabe sanƙira ne a kasuwar Tsauni, mai haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma taƙamarsa ita ce ba abin da ke kasuwar da bai san inda yake ba. Wata ranar kasuwa wani majemi, Jatau, ya sayi ɗanyun fatu masu yawa, yana bukatar gishirin da zai barbaɗa musu kafin su ruɓe. Ya ce wa Gwadabe, "Kai ni wurin gishiri."

Gwadabe ya ce, "Ka zo inda ya dace." Ya kai shi wurin mai tsire, ya sa aka nuna masa gishirin da ke cikin yaji. Jatau ya ce ba wannan ba. Ya kai shi wurin wata tsohuwa mai daddawa, ta kwance bakin zane ta nuna ɗan ƙullin da za ta yi miya da shi. Daga nan sai wurin mai doki, ga guntun da dokinsa yake lasa. Daga nan sai mai dafaffiyar gyaɗa.

Jatau ya ce, "Kai bawan Allah, wasa kake yi da ni?"

Gwadabe ya ce, "Ƙarya na yi maka? Wanne ne a ciki ba gishiri ba? Saura da yawa ma, biyo ni."

Haka suka bi rumfa-rumfa har la'asar. Da suka kai ƙarshen kasuwa, inda Buzu mai kantun gishiri yake sauka, sai suka tarar ya sayar ya kora raƙumansa. Jatau ya koma ya iske fatunsa suna wari, ungulu na shawagi.

Sambo ya ce, "Ka gani, Sarki? Nomau bai nuna kowa ba, Gwadabe ya nuna kowa, kuma mai nema bai samu ba a wurin ko wannensu."

Bako ya ce, "To yaya zan yi?"

Sambo ya ce, "A amsa wa baƙo sallamarsa, sannan a bar shi ya faɗi abin da ya kawo shi. In sana'arsa biyu ce a san shi da biyun. Abin da ke aljihunsa kuwa a bar masa kayansa." Ya saɓa kayansa ya kama hanya.

Toka ta lashi hannunta. Ta ce, "Sambo bai sake komawa garin ba. Shi da ƙafafunsa ya tafi. Naka baƙin ba su da ƙafa, shi ya sa za ka binne su."

Magaji ya ce, "Na ji tatsuniya. Me ya haɗa ta da ni? Na'ura ta ce ba mai nemansu."

Toka ta ce, "Na'ura tana ƙirga wanda ya nemi littafi ya samu ne. Ba ta ƙirga wanda ya rubuta, aka ce masa babu, ya yi tsaki ya tashi. Ni na gansu, don a kusa nake kwance. Ungozoma ta zo ta sa an rubuta mata 'naƙuda'. Manomi ya rubuta 'tsutsar gero'. Wani mai shanu ya dawo ya sake dawowa. Kowa Yalwa ne, ranka ya daɗe, har da kai. Ɗauko wayarka ka rubuta 'addini'."

Magaji ya rubuta. Sunayen littattafai suka zubo, ya ja da yatsa, ya sake ja, ba su ƙare ba. Ya ɗaga kai ya dubi Malam Haladu da ke tsaye a gefe.

Ya ce, "Malam, mene ne wannan? Duk ɗakin ne a nan."

Malam Haladu ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Allah ya ja zamaninka, kowanne na buɗe, da bisimilla ya fara, sai yabon Ubangiji, sai salati ga Annabi. Yaya zan ɗauki littafin da ya fara da sunan Allah in rubuta masa 'awaki'? Hannuna ya ƙi."

"Ka karanta gaba?"

"Shafin farko dai. Suna da yawa."

Toka ta ce, "A gabana aka yi. Tsofaffin malamai sukan gama yabo da salati, sannan su ce 'bayan haka', sai su shiga maganar da ta sa suka ɗauki alƙalami. Malam bai taɓa kaiwa 'bayan haka' ba. Ya amsa sallama ya shimfiɗa tabarma."

Magaji ya buga ƙafa a ƙasa. Ya ce, "Haba Malam! Ni ma da bisimilla nake fara cin tuwo. Ka taɓa jin an kira tuwo karatu? Mahauci da sunan Allah yake yanka, an daina ce masa mahauci?"

Malam Haladu ya ce, "Tsoron raini nake yi, ranka ya daɗe."

Toka ta ce, "Wanda ya rubuta maganin akuya ya fara da sunan Allah ne don Allah ya sa a amfana da shi. Kai ka girmama shafi guda, ka ɓoye sauran. Yanzu ga girmamawar ta kai su bakin rami."

Masu kwasa suna tsaye da buhuna, suna kallon ƙasa don kada a ga suna dariya.

Magaji ya yi kai da kawo a tsakar gida, sannan ya ce, "Shi ke nan. Kowace kalma da ke cikin kowane littafi a shigar da ita. Duk inda aka ambaci rijiya ya fito."

Toka ta lumshe ido, ta ce, "Sannu Gwadabe. Littattafan tsarki kaɗai sun ishe ka, kowanne ya ambaci ruwan rijiya. Za ka wuni kana ja da yatsa, na mahaƙa yana can ƙarshen kasuwa."

Magaji ya buɗe baki zai yi faɗa, ya fasa. Ya ce, "To ke da kika sani, akwai littafin rijiyar a ciki ko babu?"

Ta ce, "Ban sani ba. Ni ɓera nake kamawa. Malam bai sani ba, kai ba ka sani ba, na'urarka ba ta sani ba. Kuma a haka za ka sa a tura musu ƙasa."

Magaji ya juya ga masu kwasa ya ce su ajiye buhunan su tafi. Ya tsallake Toka ya shiga ɗakin, ya zaro wani littafi mai bangon fata, ya hure ƙurar, ya miƙa wa Malam Haladu.

Ya ce, "Karanta. Kada ka tsaya sai na ce."

Malam ya karanta bisimilla, ya karanta yabo da salati, suka amsa tare. Ya kai "bayan haka", ya ɗan dakata, Magaji ya harare shi, ya ci gaba. Ashe wani malami ne yake bayanin taurarin damina, wanne ne in ya fito ake shuka, wanne ne ruwansa yaudara ne.

Magaji ya ce, "A wane fanni za ka sa shi?"

Malam ya ce, "Taurari."

"Manomi zai zauna ya rubuta 'taurari'? 'Shuka' zai rubuta. Sa duka biyun, ka ƙara 'damina'. Gobe a kira mini ungozoma da mahaƙa da mai shanun nan, su zauna su gaya mana yadda suke kiran abubuwa, don da bakinsu za su nema, ba da naka ba."

Malam Haladu ya zauna gaban kwamfuta ya shigar. Magaji ya ɗauki wayarsa ya rubuta "shuka". Littafi ɗaya ya fito. Ya zuba masa ido, sannan ya waiwaya ya dubi ɗakin, daga ƙasa har rufi.

Ya ce, "Yaushe za mu gama wannan?"

Toka ta ce, "Ba bana ba."

Magaji ya ja dogon tsaki. Ya cire babbar riga ya rataye a ƙofa, ya zauna a ƙasa ya harɗe ƙafa. Ya ce, "Kin yi gaskiya, tsohuwar banza. Malam, miƙo na gaba."

Nan hikayar ta tsaya. Allah ya ba mu haƙurin jin magana har ƙarshenta.