Mai Ɗinki da Ɗigon da Ya Ƙi Goguwa

A ranar Alhamis, sha huɗu ga watan Nuwamba, da ƙarfe goma da rabi na safe, akwai wani mutum mai suna Irmiya zaune a shagonsa, sai ga wata tsohuwa ta yi sallama, riƙe da ƙunshi a hammata. Shi wannan mutum, aikinsa yi wa tufafi ado ne da zare. Ba da hannu yake yi ba. Yakan zana adon a kwamfuta tukuna, sa'an nan ya aika da zanen zuwa ga injin ɗinki, injin kuwa ya bi zanen da allura, ba ya ƙari, ba ya ragi.

Tsohuwar, wadda ake kira Mama Laraba, ta kwance ƙunshin a hankali. Farin saƙi ne na hannu, mai kauri.

Ta ce, "Ɗana, wannan shi ne saƙi na ƙarshe da maigidana ya yi kafin Ubangiji ya kira shi. Shekara shida ke nan yana ƙasan akwatina. Ina so ka ɗinka mini zangarniyar dawa a tsakiyarsa, da ganyenta, a shimfiɗa shi a kan teburin majami'a ran Lahadi, ranar godiyar girbi."

Irmiya ya ce, "An gama, Mama."

Ta ce, "Kada ka ce an gama tun ba ka fara ba. Dube shi da kyau. Ba shi da na biyu. In ya ɓaci, wanda zai saƙa wani ba ya nan."

Suka shirya za ta dawo ran Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, ta tafi.

Ga yadda irin wannan zane yake, domin wanda bai taɓa gani ba. Mai zane yakan kafa ɗigo a nan, ya kafa wani a can, layi ya haɗa su, kamar yadda manomi yakan kafa turaku ya ja igiya a tsakaninsu. Duk kuwa inda aka kafa ɗigo, dole ne allurar injin ta sauka a wurin.

Irmiya ya wuni yana zane. Zangarniyar ta fito da kyau, ganyaye kuma suka lanƙwasa kamar iska na kaɗa su. Wuri ɗaya ne ya ƙi kwanta masa a rai, wato tsinin ganyen da ya fi tsawo. Ya duba, bai gamsu ba, ya kafa sabon ɗigo daidai kan na dā. Ya yi gaba, ya dawo, ya sāke dubawa, ya sāke kafa wani. Haka ya yi ta yi, a zatonsa sabo yakan kori tsoho. Kafin ya rufe shago, zane ya kammala.

Ran Jumma'a da safe ya ɗaura wani ƙyalle a injin domin gwaji. Allura ta yi ta tafiya sumul, har ta kai tsinin ganyen nan. Da isarta sai ta tsaya, ta shiga dukan wuri ɗaya kamar mai daka a turmi. Zare ya cukurkuɗe. Da ya ciro ƙyallen ya ɗaga shi sama, sai ya ga haske ta cikinsa: huda ce wadda ƙwayar dawa za ta wuce.

Ya koma gaban kwamfuta, ya ƙara girman zanen har tsinin ganyen ya cika allon. Ɗigo ɗaya ya gani, ƙarami, ba shi da bambanci da sauran. Ya ce a ransa, "Bari in cire shi in sāke kafawa." Ya taɓa shi da linzami, wato ɗan abin da ake nuni da shi a allon kwamfuta, ya danna maɓallin gogewa. Ya duba. Ɗigo na nan daram.

Ya ce, "Ikon Allah!"

Tsoro ya kama shi, ko ya goge wani abu dabam ne bai sani ba. Sai ya danna maɓallin da yake mai da aiki yadda yake a dā. Ya sāke gogewa, ya sāke ganin ɗigo, ya sāke mayarwa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya kashe kwamfuta ya kunna. Da ya rasa dabara, sai ya kama ɗigon ya ja shi gefe. Ɗigo ya biyo hannunsa, amma ga wani zaune a inda ya baro.

Irmiya ya miƙe tsaye ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, wani mai gyaran waya da ake ce wa Hudu.

"Malam Hudu, zo ka gani! Ɗigo ya haihu!"

Hudu ya shigo yana dariya, ya ce, "Barka da arziki. Yaushe ne suna?"

"Ka bar wasa, don Allah. Saƙin Mama Laraba ne, gobe za ta zo."

Hudu ya zauna. Ya ce linzami ne ya tsufa, ya kawo nasa, abin bai sāke ba. Ya ce to lalle wata cuta ce ta shiga kwamfutar, ya bincika, bai sami kome ba. Ya goge ɗigon da hannunsa, ya ga yana nan, ya kai yatsa zai sāke dannawa, Irmiya ya riƙe masa hannu.

"Tsaya! Mayar da shi yadda yake, kada ka lalata mini aikin wuni guda."

Hudu ya mayar, ya miƙe yana kaɗa kai. Ya ce, "Maƙwabci, wannan ɗigo ɗan gari ne, ya riga ka zuwa unguwar nan. Ku sasanta." Ya koma shagonsa.

Irmiya ya yi tunanin ya rushe zanen duka ya sāke sabo. Amma lokaci ba zai isa ba, kuma tun da bai san abin da ya jawo wannan ba, ina tabbacin ba zai sāke faruwa ba? Ya gwada a ƙyalle na biyu, ya huje. Na uku ma haka. Ranar nan ko abinci bai iya ci ba.

Ran Asabar da tsakar rana matarsa Briskila ta kawo masa abinci. Ta tarar ya riga ya ɗaura farin saƙin a injin, yana tsaye, hannunsa a kusa da maɓallin kunnawa.

Ta ce, "Baban Habila, aikin ya gyaru ke nan?"

Ya ce, "Bai gyaru ba. Amma saƙin yana da kauri, ba kamar ƙyallayen nan ba. Wataƙila zai jure."

Ta ajiye kwano. Ta ce, "Da wataƙila za ka sa saƙin marigayi a ƙarƙashin allura? Sauke hannunka tukuna. Nuna mini abin da ya hana ka cin tuwona jiya."

"Me kika sani a kwamfuta?"

"Ban san kome ba. Kai da ka sani, ga inda ka tsaya. Nuna mini."

Ya nuna mata, ransa a ɓace. Ya goge ɗigon, ya ce, "Kin gani? Ya dawo." Ya kai hannu zai mayar.

Ta ce, "Dakata. Wa ya ce maka shi ne ya dawo?"

"To, wane ne, in ba shi ba? Ga shi nan a wurinsa, kamanninsa ɗaya."

Briskila ta ce, "In muka gama taron zumuntar mata, nakan wanke farantai in jera su, wani a kan wani. Wanda ya leƙo daga sama, faranti ɗaya zai gani. In na ɗauke na sama na ga faranti, ba na cewa ya dawo. Cewa nake yi akwai wani a ƙasa."

Irmiya ya ƙura wa allon ido. Can ya ce, "Ko da haka ne, in na yi ta gogewa ɗaya-ɗaya, ta yaya zan san na ƙarshe? Shi ne yake riƙe da ganyen. In na goge shi, tsinin ya rushe."

Ta ce, "Wannan kuma aikinka ne. Ni dai in zan kwashi farantai, ba na ɗaga su da yatsa. Hannu biyu nake sawa in rungumo su duka."

Sai ya bar taɓa ɗigon. Ya ja linzami daga nesa kaɗan, ya zagaye wurin gaba ɗaya da akwati, yadda duk abin da yake ciki zai kamu. A ƙasan allon, inda kwamfuta takan nuna yawan abin da aka kama, ya ga lamba shida.

Nan take ya tuna da ran Alhamis, da yadda ya yi ta kafa sabo a kan tsoho. Ya dafe kai ya ce, "Ashe ni ne na tara su."

Ya umarci kwamfuta ta haɗe su shida su zama ɗaya. Ya kwance farin saƙin, ya ɗaura ƙyalle na huɗu. Allura ta kai tsinin ganyen, ta sauka sau ɗaya, ta wuce.

Briskila ta ce, "To, zauna ka ci tukuna. Ba a ɗinka wa majami'a kaya da yunwa a ciki."

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Zanen nan shi ne abin da yake cikin zuciyar mutum, allura kuwa harshensa ce da ayyukansa, gama ba su zuwa ko'ina sai inda zuciya ta zana musu. Farin saƙin shi ne mutanen da Allah ya ba mu amanarsu: mata, ko miji, ko ƙane, ko wanda muke zama benci ɗaya da shi ran Lahadi. Kowannensu ba shi da na biyu.

Akwai wanda yakan yi wa ƙanensa baƙar magana. Ya tuba, ya roƙi gafara da hawaye. Mako bai zagayo ba, sai ga baƙar magana ta sāke fita daga bakinsa, a kan ƙanen nan dai. Sai ya ruɗe. Ya ce, "Addu'ata ba ta karɓu ba." Ko ya ce, "Ni haka aka halicce ni." Daga nan ya saki jiki ya koma halinsa na dā, kamar yadda Irmiya ya yi ta mai da abin da ya riga ya goge. Ɗan'uwa, wa ya ce maka shi ne ya dawo? Abin da ka tuba a kansa da gaskiya, Ubangiji ya ɗauke shi. Wanda kake gani yanzu na ƙarƙashinsa ne. A ƙarƙashin baƙar magana mai yiwuwa akwai hassada, domin ƙanen ya gina ɗaki kai ba ka gina ba. A ƙarƙashin hassada kuma akwai wata kalma da mahaifinku ya faɗa kuna yara, wadda ba ka taɓa gaya wa kowa ta yi maka ciwo ba. Ba ka cire ta ba, ka dai ɗora gaisuwa da murmushi a kanta, shekara bayan shekara.

Saboda haka, kada ka riƙa kawo wa Ubangiji na saman kaɗai. Ka zagaye wurin duka. Ka durƙusa ka ce, "Ya Ubangiji, ga dukan abin da yake tsakanina da wane. Ban san yawansa ba, kai ka sani. Ka nuna mini." Lambar da za ka gani ba za ta yi maka daɗi ba, za ka kuma tarar yawancinsu kai ne ka tara su da hannunka. Duk da haka, ranar da ka san yawansu ita ce ranar da gyara ya fara. In kuwa Allah ya aiko maka da mai faɗa maka gaskiya, kada ka tambaye shi me ya sani. Sau da yawa a cikin gidanka yake, yana riƙe da kwanon abincinka.

Kuma muddin ka san wurin nan bai gyaru ba, kada ka ce ɗan'uwanka yana da haƙuri, wataƙila zai jure. Hudar da aka yi a zuciyar mutum ba kullum take ɗinkuwa ba.

Irmiya ya ci abincinsa, ya ɗaura farin saƙin da ƙarfe biyu saura kwata, injin ya gama da ƙarfe uku da rabi. Saƙin bai huje ba. Mama Laraba ta zo da ƙarfe huɗu ta karɓa, aka shimfiɗa shi a kan teburin majami'a ran Lahadi da safe.