Gemun Sarki da Tukuicin Wanzami

An ce wani sarki, wanda ya fi daɗewa gaban madubi a kan zaman majalisa, ya dawo daga ziyarar wata ƙasa ta bayan teku da amawali har ƙarƙashin ido. Ko ruwa bai sha ba ya sa aka buga tambari, ya tara fadawa, ya ce tun da aka shimfiɗa ƙasa ba a taɓa zaluntar ɗan Adam kamar yadda aka zalunce shi ba. Sai ya kwaye amawali. Gemun nan da ake shafa wa turare safe da yamma, wanda maroƙa suka ci abinci da shi shekara da shekaru, babu ko sili ɗaya. Haɓa fes, sai ka ce ƙwan jimina.

Fadawa suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa.

"Wanzaminsu ne!" in ji sarki. "A haɗa jirage. Ko su aiko mini da kansa, ko in mai da birninsu toka!"

Waziri ya ga za a kashe bayin Allah a kan gashi, ya aika aka kirawo wani tsohon bafatake, Malam Jatau, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana fatauci a can. Tsoho ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamaninka. Ya sarki, ɗaure ka aka yi?"

"Wa ya isa?"

"Barci ya ɗauke ka?"

"Idona biyu. Cewa na yi ya ɗan gyara mini bakin gemu. Ya gyara, na dubi madubi, har na so in faɗi in gai da kaina. Na biya ladan aski, na ɗora masa tukuici kamar yadda kowane ɗan halas ke yi. Sai mutumin ya fashe da kuka, ya mai da ni kujera, ya sake ɗaukar almakashi."

"Kai kuma fa, ranka ya daɗe?"

"Na ga ƙwazo, na ƙara masa. Ya ƙara kuka, ya ƙara ragewa. Na ce yau za a ga wanda zai gaji, hannun sarki ko hannun wanzami. Ban farga ba sai da na ji iska a haɓata."

Malam Jatau ya ce, "Ya sarki, a ƙasar nan ladan kowane aiki sananne ne. Wanda ya ɗora wani abu a kai, cewa ya yi aikin bai yi ba, a sake. Ni ma na taɓa yi wa mai wanki haka, ya wanke mini riga har ta koma matacin koko. Kai kana yabo, shi yana jin zagi."

"To in aiki ya yi musu daɗi, me suke bayarwa?"

"Godiya."

"Ita kaɗai? Tir da wannan rowa!"

"Amma, ya sarki, ba a haɗa ka da tafinta ba?"

Sarki ya kai hannu zai shafa gemu, ya shafo iska.

"An haɗa ni," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Ya yi ta jan hannun rigata yana raɗa. Na ce in ya sake buɗe baki zai sha bulala, don ba a koya wa sarki kyauta."

Can sarki ya nisa ya ce, "A kwance jirage. Wanzami almakashi kawai ya riƙe, ni na aske kaina, kuma da zinarina. Ku ji, ya ku fadawa: mai son adalci ya fara tuhumar hannunsa kafin ya nemi wuyan wani."