Idanun Elhaji Agali

A Dakoro akwai wani magidanci, Abdulrauf, mutumin kirki mai riƙon zumunci, sai dai Allah Ya yi shi da gaggawa. In ya ɗora shayi, bai gama nuna ba ya fara zuba wa mutane.

Kakansa, Elhaji Agali, makiyayi ne da ya sauko daga arewa a wata shekarar fari, ya zauna kusa da ƙauyen Rumbu. Hotonsa ɗaya ne tak a duniya. Wani mai hoto ne ya ɗauke shi ran kasuwar Dakoro, yana tsaye riƙe da akalar raƙuminsa, ya naɗa rawani ya rufe baki da hanci kamar yadda mazan gidansu ke yi. Idanu kaɗai ke waje. Amma duk wanda ya zauna da shi, idanun nan sun ishe shi, don da su yake tsawatarwa, da su yake dariya.

Hoton yana hannun ƴarsa, Gwaggo Azara, yayar uban Abdulrauf, naɗe cikin tsohon kallabi a ƙasan kwalla. In kewa ta taso mata sai ta ciro shi, ta tuna lokacin da yake dawowa daga rijiya da yamma yana kiranta tun daga nesa, ta yi masa addu'a, ta mayar.

Da dangi suka shirya buga ɗan littafin tarihin gidansu don taron Babbar Salla, aka ce hoton Elhaji za a sa a bango. Abdulrauf ya hau moto ya tafi ƙauye karɓowa.

"Ɗana, na san halinka," in ji Gwaggo. "Ka kai shi da hannunka, ka maido min shi da hannunka."

"Haba Gwaggo, sai ka ce raƙumin na ce ki ba ni!"

"Da raƙumin na ba ka, da ban yi magana ba."

Mai buga littafin, Malam Mamani, a Maradi yake. Abdulrauf ya ga hanya ta yi masa nisa. Sai ya ɗora hoton a cinya, ya ɗauke shi da waya, ya tura ta Watsap, ya cusa na takardar ƙarƙashin kujerar moto.

Malam Mamani ya kira shi. "Wanga hoto ya yi ƙanƙanta. Watsap matse hoto yake yi. A waya ka gan shi tas, amma in na buɗa shi ya cika bangon littafi, fashewa zai yi. Kawo na takardar in sa shi a na'ura."

"Malam, ja shi kawai ya yi girma. Salla ta matso."

"Jan hoto ba ya ƙara masa abin da babu a ciki, Abdulrauf."

"Ni dai buga, na yarda."

Aka buga. Shi kuwa ya ci gaba da hidimar Salla, ya manta da abin da ke ƙarƙashin kujera. Ana haka ruwan farko ya sauka, ya same shi a hanya, ya ƙi fakewa, ya ratsa kwari ruwa har cikin moto. Sai da littattafai suka iso ya tuna. Da ya ɗaga kujera, takardar ta jiƙe ta bushe, ta manne da tsumman goge mai. Ya ɓamɓaro ta a hankali, fuskar ta bi tsumma. Ƙafafun raƙumi ne kaɗai suka saura.

Ran taro aka baje tabarmi, aka miƙa wa Gwaggo littafin farko. Ta goge hannu da zane kafin ta karɓa. Ta kawo shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta juya wajen haske. Rawanin yana nan, raƙumin yana nan. Tsakanin naɗin rawani kuwa, inda idanu suke, sai wani baƙin dishi-dishi kamar an shafa gawayi da yatsa.

"Ba kome," ta ce a hankali. "Ba ni nawa na takarda in nuna wa yara."

Abdulrauf ya durƙusa gabanta, ya faɗi gaskiya, ya ajiye guntun takardar a kan tabarma. Aka duba na waya, shi ma da an buɗa shi, idanun sai dishi-dishi. Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta ɗauki guntun ta naɗe cikin kallabin kamar yadda ta saba.

"Allah Ya jiƙan Baba," ta ce. "Ni dai ina ganin idanunsa in na rufe nawa. Waɗanga yara fa, da mi za su gan shi?"

Ƴaƴana, abin da aka ba ku amana, ku yi masa lokacinsa. In wanda ya san aiki ya ce ku dakata, ku dakata, ko da biki ya matso. Hanyar Maradi da Abdulrauf ya ƙi bi tana nan har yau, ana zuwa ana dawowa, amma idanun Elhaji Agali ba mai sake ganinsu a takarda. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya sa mu iya riƙon abin da magabata suka bar mana.